Rabin Durom a Tsakar Gida

Rabona da in ga rabin durom a tsakar gidan wani a cikin Birnin Kano har na manta. Ban ma lura ya ɓace ba sai a 'yan makonnin nan, da sabgar biki da ta gaisuwa suka sa na yi ta kutsawa gidajen dangi daga Mandawari zuwa Yakasai, daga Koƙi zuwa Gwammaja. Duk gidan da na shiga, gurbin da yake zama a bakin rijiya ko kusa da rariya yanzu bahon roba ne a wurin, shuɗi ko kore, ga jarkoki ruwan ɗorawa a jere, can a saman soro kuma baƙin tanki yana shan rana. Ba wanda ya kore shi. Tsatsa ta cinye na ƙarshe, aka miƙa wa 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli, daga nan ba a sake yanka wani ba.

In don kyau ne, babu abin kewa a jikin rabin durom. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake samun sa. Ba a haka ake sayo shi ba. Durom ake samowa sukutum, wanda ya gama aikinsa na ɗaukar kananzir ko man gyaɗa, sai wani a cikin gida ya dube shi ya ce, wannan ai abu biyu ne. Idon nan da ke duban abu ya hango wani abin a cikinsa, da ƙarfin halin ɗora masa kaifi alhali an san babu komawa baya, su nake cigiya a gidajenmu na yau.

A gidanmu Baffa ne gwanin wannan aiki. Shi ba maƙeri ba ne, zare yake sayarwa a kasuwar Kurmi. Amma a kusurwar zaure yana da wata tsohuwar adaka da ba mai taɓa ta sai shi: kurfi, guduma, magagari, awartaki, zarto mai cinyayyun haƙora, da gwangwani cike da ƙusoshin da aka zare daga akwatuna aka miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Da safiyar Juma'a yakan buɗe ta, kafin a fara shirin masallaci. In durom za a yanka, tun Laraba aiki yake farawa. A kwance murfi, a zuba ruwan zafi da toka, a yi ta gangara shi a ƙofar gida, a zubar, a sake. Sai a cika shi da ruwa har ya tumbatsa, a bar shi ya kwana. Mu ne 'yan jido, don haka mu ne masu mita.

"Baffa, ai babu komai a ciki. A kai wa mai walda mana, ya yanka yanzun nan."

"Kai dai ja guga, ɗan nan. Durom ɗin mai, ranar da ka ga babu komai a cikinsa, ranar ya fi cika."

Bai taɓa zama a ajin kimiyya ba, amma maganarsa dutse ce. Tururin man da ya rage, in ya gauraya da iska a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi tashi. Ruwan da muke ta jidowa shi ke koro tururin waje.

Bayan an zubar da ruwa sai awo. Igiya yake ɗauka ya gwada tsayin durom, ya ninka ta biyu, ya sa alama da gawayi nan da can, sannan ya zagaya da igiyar ya haɗe alamomin. A nan ya fi daɗewa, yana kewayawa yana runtse ido ɗaya. In muka ƙosa sai ya ce ƙarfe ba yadi ba ne, in an yanka ba ya ɗinkuwa. Daga nan sai ƙara. Duk lungun sai ya san ana yanka durom a gidanmu. Awaki su tsinke igiya, Iya ta leƙo daga ɗakinta tana cewa, "Kai, angona, gaya wa ubanka ya bar mini sauran kunnena." Warin tsohon mai da na ƙarfen da ya sha bugu su cika zaure. In ya rabu biyu, saura abin da Baffa ya fi ba muhimmanci, wato kashe kaifin baki. A bi shi da magagari, a lanƙwasa da awartaki, a yi ta daddaka har sai ya shafa da tafin hannu ya ji ba inda ya kama shi. A mayar wa rabin sama murfinsa a ɗaure tam ya zama gindi, a shafa kwalta ta waje saboda tsatsa. Ɗaya ya tafi bakin rijiya, ɗaya ya zama na jiƙa dusar awaki. Ranar suna ko biki, maƙwabta su aiko yaro: wai Inna ta ce a ara mata rabin durom.

Durom babban wa ne kawai a cikin dangi. Garwar kananzir mai galan huɗu, in an fasa samanta aka gitta katako, ta zama ta 'yan garuwa, biyu a rataye a sanda, ruwa na fallatsa a ƙafafunsu. Gwangwanin madara ya zama a-ci-bal-bal: a huda, a liƙa ɗan bututu da darma, a zura lagwanin tsumma. Da ita mai tsire da mai shayi da mai ƙosai suka haska daren Birni shekara da shekaru. Tsohuwar taya ta zama takalmin da sai dai ka gaji da shi, robar cikinta ta zama guga da maɗaurin kaya a bayan keke. Sifirin mota ya koma wuƙar mahauci da gatari. Buhun fulawa ya zama rigar matashin kai, takardar buhun siminti ta naɗe tsire da kilishi. Zane in ya tsufa ya zama majanyi, majanyi ya zama tsumma, tsumma ya zama gammo. Ƙwarya in ta tsage ba a yar da ita, sai a jingine ta a jira ranar da za a ji muryar gyartai a lungu, a tura yaro da gudu ya tsayar da shi.

Mu yara kuma, langa-langa ce jarinmu, siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar kaya da shi. Da ita muke ƙera tirela da bas, mu yanko tayoyi daga tsinkakken silifas, mu sa doguwar waya ta zama sitiyari. Wanda bai sami langa-langa ba ya feƙe kara ya yi tasa motar. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Mun tashi ne muna ganin manya suna buɗe abu, suna juya shi, suna ba shi sabon aiki, sai muka ɗauka haka duniya take.

Wannan ɗabi'a ta girmi durom nesa ba kusa ba. Ita kanta ƙwarya ai rabin duma ce. A bar duma ya ƙosa ya bushe, a shata, a fafe shi biyu, a kwashe cikin, a kankare. In hannu ya goce, an yi asarar duka biyun. Daga nan Bahaushe ya samo cewa kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Ƙarfe kuwa, da shi labarin garin nan ya fara. Tarihin Kano ya zo da labarin maƙeran da suka taso daga Gaya suka zauna a gindin dutsen Dala saboda tama, kuma binciken da aka yi a dutsen ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, maƙeran baƙi da na fari suka sami rumfunansu kusa da dukawa da masaƙa.

A 1911 dogo ya iso Kano, jirgin ƙasa ya fara sauke garewani da duroma da gwangwanaye, ya kwashi gyaɗa da fata ya koma kudu. Sannu a hankali narka tama ta mutu, domin tsohon ƙarfen jirgi da na mota ya fi sauƙin samu. Maƙeran Birni ba su nannaɗe hannu ba. Suka koma kan tarkacen da baƙo ya zo da shi, suka fitar da bokiti da adaka da kurfoti da kwanon sarki da kaskon suya. Philip Jaggar, Baturen Ingila masanin Hausa, ya wallafa littafi a 1994 a kan maƙeran birnin Kano da yadda suka haɗa gado da ƙirƙira da kasuwanci a ƙarni na 20. Ashe abin da muke kira aikin gargajiya, a lokacinsa shi ne sabon yayi. Wataƙila a zamanin ma an yi tsofaffin da suka yi kewar tulu da randa ranar da garwa ta shigo gida.

To, amma kada daɗin tuna baya ya sa mu yi wa kanmu ƙarya. Rashi ne malamin da ya koyar da akasarin wannan fasaha, kuma malami ne mai bulala. A-ci-bal-bal tana da haske, tana kuma da hayaƙi. Duk wanda ya yi karatun dare a gabanta ya san baƙin da ake fyacewa da safe, kuma ba gida ɗaya ba ne gobara ta tashi saboda akuya ko yaro ya ture ta. Ba kowa ke da haƙurin Baffa wajen kashe kaifi ba, shi ya sa da yawa a cikin sa'o'inmu suna ɗauke da tabon bakin gwangwani a ƙafa ko a hannu, a zamanin da ciwon sarƙe-haƙora ke kisa. Ba kowa ke tambayar me durom ya ɗauko kafin a zuba masa ruwan sha ba, alhali akwai wanda sinadarin jima ko maganin ƙwari ya kwana a cikinsa. Ruwan rabin durom, in ya kwana biyu, ja yake yi, ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil. Tukunyar da ake zubawa daga narkakken tarkacen alminiyam ma ba a bar ta a baya ba. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano suna sakin gubar dalma, kuma tun bayan abin da ya sami yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi wa ɗan Arewa bayanin wannan guba ba.

Akwai kuma kunya, wadda masu kewar da ba sa son ambata. Yaron da ya je yawon Salla da takalmin taya ya san inda idon 'yan'uwansa yake sauka. Matan gida kuwa, su da suke kankare tsatsa da toka da yashi, ban taɓa jin ɗaya daga cikinsu ta yi kukan rabuwa da ƙarfe ba. Ranar da bahon roba na farko ya shigo gidanmu, Inna ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta yi dariya, ta ce, "Malam, ashe dai ana iya yin wanki ba a karya ƙugu ba." Wanda bai taɓa ɗaukar garwa cike daga famfon unguwa ba, shi ke da bakin yabon garwa.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 sun koya wa mutane daɗin sabon abu na kanti. Masana'antun roba a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika Ƙofar Wambai da bokiti da buta da kujera, masu araha, marasa nauyi, marasa tsatsa. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya matse jama'a, sai tsohuwar dabara ta ɗago kai, aka koma gyara abin da da za a yar. A shekarun 2000, lokacin da wutar lantarki ta zama baƙuwa, yaran gari suka fito da wata fitila ta katako mai ɗaukar batir, da 'yan ƙananan ƙwayaye a jere a kan tsohon faifan CD don ya watsa haske. Ba ta daɗe ba kayan Sin suka rufe kasuwa, fitila mai caji ta yi arahar da ba mai ɓata lokacinsa ya ƙera.

Abu biyu ne suka ƙarasa raba gida da wannan sana'a. Na farko, kayan zamani ba a yi su don a buɗe ba. Rediyon da Baffa ke saurare ƙusoshi huɗu ne suka riƙe bayanta, fitilar ƙwai kuwa ko yaro ya san yadda ake warware ta. Na yanzu liƙe suke da gam, in ka matsa su tsage, robar da ta tsage kuma ba ta lanƙwasuwa, ba ta ƙeruwa, sai dai ta je ta toshe rafin Jakara tare da leda. Na biyu, tarkace ya yi daraja. Ƙarfen da a da zai shekara a bayan ɗaki yana jiran ranar da za a yi masa dabara, yau kafin azahar ɗan jari-bola ya auna shi ya biya, gobe yana cikin tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Wannan sana'a tana ciyar da dubban matasa, tana kuma rage bola. Sai dai ta kwashe wa yaro kayan wasansa na ƙira, ta kwashe wa magidanci kayan aikinsa.

Abin da ya sa na ƙara duban lamarin da sabon ido shi ne wani labari daga wurin da bai san zafin Kano ba. A duwatsun jihar Utah ta Amurka, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa, akwai wasan sulu a kan allo guda: mutum ya ɗaure ƙafafunsa biyu a kai, ya gangaro daga tsauni. Allon gwanin gangara ne, amma ba ya hawa. Mai son zuwa inda babu na'urar ɗaukar mutane sai ya goya shi a baya, yana nutsewa a cikin dusa. A farkon shekarun 1990 wani matashi mai suna Brett Kobernik ya sa zarto ya tsaga allonsa biyu ta tsawo. In zai hau, sai ya ɗaura rabi a kowace ƙafa, ya manna musu wani ƙyalle mai gashi a ƙasa wanda ke zamewa gaba amma ya ƙi zamewa baya. In ya kai ƙololuwa, sai ya ɓare ƙyallen, ya haɗe rabin biyu da ƙugiyoyi, su koma allo guda, ya sulalo.

Ya kai wa wani ƙaramin kamfani mai suna Voile a Salt Lake City, kuma a 1994 kamfanin ya fara sayar da ƙunshin ƙugiyoyi da ƙusoshi don kowa ya tsaga nasa a gida. Matakan aikin, da Baffa zai gan su, da ya gyaɗa kai. A nemo tsakiyar allo daidai a shata layi, a daɗe ana dubawa kafin a ɗora zarto. In an tsaga, a goge bakin, a shafe katakon da ya bayyana da gam mai hana ruwa shiga, don in ya sha ruwa ya lalace. A huda ramuka inda ma'auni ya nuna, a ɗaure ƙarafan. Kuskuren rabin yatsa, allo ya tashi aiki. A yau kamfanoni da dama suna ƙera irin wannan allo a tsage tun daga masana'anta, har da bakin ƙarfe a gefen ciki, abin da na gida ba ya samu. Masu tsagawa da kansu sun ragu. Su ma can sun sami inganci, sun rasa wani abu.

Bambancinmu da su biyu ne. Su nishaɗi ya sa suka ɗauki zarto, mu kuwa larura. Wannan ba abin damuwa ba ne. Na biyun ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Dabarar da aka yi a bayan gida ta sami wanda ya karɓe ta, ya gwada, ya auna, ya fitar mata da ma'auni da takardar bayani, har ta zama masana'anta. Tamu kuwa yawanci a inda aka haife ta take tsufa. Mai fitilar faifai bai zama mai kamfanin fitila ba. Kurfotin da ake bugawa yau, da wanda na gani ina yaro, kusan duk ɗaya ne. Har ma ga shi Turawa sun dawo suna neman abin da muke saki: a 2009 aka fara wani zaman gyaran kaya kyauta a Amsterdam wanda ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta yi dokar da ke tilasta wa kamfanoni sauƙaƙa gyaran wasu kayan da suke sayarwa.

Ba na cewa idon nan ya makance a Kano. Ya dai tashi daga zaure ya koma kasuwa. Je ka Farm Centre ka ga yaro ɗan shekara sha bakwai ya haɗa matattun wayoyi biyu ya tayar da ɗaya, ko ya tattara ƙwayoyin batirin tsohuwar kwamfuta ya yi abin cajin waya. Je ka Ƙofar Ruwa ka ga yadda bututu da tayar babur ke zama kurar 'yan garuwa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziya a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen mota da babur, har kafafen labaran duniya suka ɗauka. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna da cire wa ƙananan bas injin fetur yana mayar da su masu lantarki. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, masu gyaran janareta da dama sun koyi sauya kafireta don inji ya sha gas ɗin girki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma Bakano bai taɓa jinkirin ɗaga ƙafa ba.

Sai dai abin da ake juyawa yanzu ya fi na da haɗari, kuma malamin ya sauya. Da, mai koyo yana tsaye ne a gaban wanda zai dungure masa kai in ya yi gaggawa. Yau bidiyon minti uku ne a YouTube ko TikTok, wanda ke nuna yadda ake yi, ba ya tsayawa a kan yadda ake mutuwa. Tiyon gas da aka ɗaure da tsinken roba a kusa da salansa mai zafi, ko batirin da aka liƙa ba tare da abin da ke tsare cajinsa ba, ba sa ba da sanarwa. Matsin gas ɗin CNG da ake sa wa mota ya ninka na tukunyar girki fiye da sau goma. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyar da ke jikinta haɗin walda ce, ba wadda aka ƙera don wannan aiki ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙarfin halin yankawa mun gada, har ya yi yawa. Haƙurin wankewa, da jira, da awo, da kashe kaifi, shi ne rabin gadon da ya faɗi a hanya.

Ba na yi wa jikokinmu fatan komawa ga hayaƙin lagwani, ba na kuma yi musu fatan malamin da ya koyar da iyayenmu. Amma darasin ba dole sai da yunwa ake ɗaukar sa ba. Magidanci na iya ajiye sukundireba da filaya a inda yaro zai gani, ya bar masa matacciyar fanka ya warware, maimakon ya daka masa tsawa cewa ya cika ɓarna. Ƙungiyoyin masu walda da masu gyaran janareta, waɗanda suka san junansu fiye da yadda hukuma ta san su, na iya cewa ga aikin da ba a yi sai da shaidar koyo. Kwalejojin fasaha da jami'o'in da ke garin nan na iya buɗe ƙofar ɗakunan gwajinsu ga mai ƙira daga lungu, a auna masa abin da ya haɗa, a gaya masa inda zai fashe tun bai fashe a hannun mutane ba. Masu kuɗin Kano, waɗanda suka iya zuwa Guangzhou su cika kwantena, na iya leƙa bayan Ƙofar Ruwa su ga ko akwai abin da ya cancanci jari.

Tsadar rayuwa ta riga ta mayar da mu kan juya abu ya zama wani abu, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu yi shi da awo, mu kuma rubuta awon don na baya ya ɗora a kai.